Yadda Ake Bin Gajeriyar Turbar Daji A Wurin Da Ba Ka Taɓa Zuwa Ba

Kusan duk wanda na raka yawon daji karon farko, da mun sauka a bakin turba sai ya ce, "Ai kusa ce, yanzun nan za mu dawo." Kuma gaskiyarsa. Turbar da ake kira gajeriya mai sauƙi ba ta cika wuce kilomita 2 zuwa 5 ba, hawanta kaɗan ne, yaro da dattijo duk suna iya bin ta. Sai dai na daɗe ina wannan yawo, kuma wahalar da na ga mutane sun sha, a irin waɗannan ƙananan turbobin suka fi shan ta. Mai tafiyar yini guda yakan shirya. Mai tafiyar awa 1 shi ke barin ruwa a mota, ya wuce allon sanarwa ko kallo bai ishe shi ba, ya faɗa daji da silifa rana ta riga ta karkata. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da nake kira turba a nan shi ne siririyar hanyar ƙafa da aka fitar a gandun daji ko wurin shaƙatawa domin masu yawo. Bakin turba kuwa shi ne inda ta soma, galibi akwai wurin ajiye mota da allo mai taswira. Za ka ga na daɗe a kan abin da ake yi a gida da a wannan bakin, domin a nan tafiyar ke gyaruwa ko ta ɓaci.

Kayan da za ka tanada

Takalmi sau-ciki wanda ƙafarka ta saba da shi, mai kaushi a tafinsa. Kambas ɗin motsa jiki ya wadatar. Kada ka ce yau ce ranar gwada sabon takalmi, zai yi maka bororo kafin ka kai rabin hanya.

Safa. Ta auduga tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar safa kuma ita ke saɓule fata. Ta ulu ko ta nailan ta fi. In ta auduga kaɗai gare ka, ɗauki ta canji.

Ruwa. Ƙiyasin da aka saba da shi rabin lita ne a kowace awa ta tafiya, in ana zafi ya fi haka. Ni ba na shiga kowace turba da ƙasa da lita 1, komai gajartarta.

Waya cike da caji, da taswirar wurin a cikinta. In batirinka mai saurin mutuwa ne, haɗa da fawa bank.

Ƙaramar tocila. Na san da rana za ka tafi. Ɗauke ta duk da haka, domin fitilar waya tana cinye cajin da za ka buƙata wajen kira.

Usur, filasta, bandeji, matsefata, hula mai baki, rigar ruwa mara nauyi, ɗan abin taɓawa, da leda ta zuba shara. In kana da maganin da kake sha kullum ko na asma, shi ne farkon shiga jaka. Duk wannan a ƙaramar jakar goyo, don hannuwanka biyu su zama a sake. Dogon wando ya fi gajere saboda ƙaya da ƙwari. Sanda ba dole ba ce, amma mai ciwon gwiwa zai gode mata a gangare.

1. Tun a gida, san irin turbar da za ka bi

Turba iri biyu ce mafi yawa. Akwai mai zagaye, wadda za ta kewaya da kai ta dawo da kai inda ka fara. Akwai ta je-ka-dawo, wadda za ka kai ƙarshenta ka juyo ta inda ka bi. Kuskuren da na fi gani shi ne a tsawon ta biyun: wani wuri ana rubuta tsawon zuwa kaɗai, wani wuri zuwa da dawowa. Mutum ya ga an rubuta kilomita 3 ya ɗauka shi ke nan, ashe 6 ke gabansa. Tabbatar kafin ka fita.

Sannan ka duba hawa. Kilomita 3 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da kilomita 3 a jikin tudu ba ɗaya ba ne. A taswira akwai layuka masu lanƙwasa da ke nuna tudu. Inda suka matsu da juna akwai hawa mai tsini, inda suka yi nesa da juna ƙasa a kwance take.

Wajen lissafin lokaci akwai tsohon ƙiyasi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan ƙarin awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Turba mai kilomita 4 da hawan mita 120 ke nan za ta ci minti 48 da ƙarin 12, awa 1 cif. Amma wannan lissafin ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa. Kai da za ka tsaya kallo da ɗaukar hoto, ƙara rabi a kai. In da yara, ninka shi.

Duba hasashen yanayi na ranar da kuma lokacin faɗuwar rana. Sauke taswirar yankin a waya tun kana da intanet; Google Maps na ba da damar haka, sai dai ba ta cika nuna ƙananan turbobi ba, manhajoji irin su Organic Maps da OsmAnd sun fi ta a nan. GPS ɗin waya daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, yana aiki ko babu sabis, amma in ba ka sauke taswirar ba ɗigo kawai za ka gani a kan farin fili.

Abu na ƙarshe, kuma ba na sassauci a kansa: gaya wa wani sunan wurin, sunan turbar, da lokacin da in bai ji ka ba ya nemi taimako. "Na tafi yawo" ba bayani ba ne. Tura saƙon tun kafin ka isa, don sau da yawa sabis yakan ɗauke tun a hanya.

2. Minti 10 a bakin turba

Ka iso. Kowa na ɗokin shiga. Dakata.

Fara da mota: ajiye ta inda aka ware, kada ka tare ƙofa ko hanyar motocin ma'aikata, kuma kada ka bar jaka ko wani abu mai daraja a kan kujera. Buɗe taswirar waya ka dasa alama daidai inda kake tsaye.

Sai allon sanarwa. Karanta shi duka, har 'yan takardun da aka manna a gefe, domin su ne sababbin labarai: gada ta karye, an rufe wani sashe, an ga wata dabba, ana rufe ƙofa ƙarfe kaza. Wannan na ƙarshen ya sha kulle mutane da motarsu a ciki. Ɗauki hoton taswirar, ka buɗe hoton ka tabbata rubutun na karantuwa. Ɗauki lambar gaggawa ko ta masu kula da gandun. In akwai littafin rajista, rubuta sunanka da lokacin shigarka; shi masu nema ke fara dubawa.

Yanzu tsaya gaban taswirar ka amsa wa kanka tambayoyi uku. Wane launi ko wace alama ce ta turbata? Mararraba nawa zan tarar, kuma ina zan bi a kowacce? Me zan gani a hanya da zai tabbatar mini ina kan daidai, rafi ne, gada ce, ko fili? Faɗa da baki: "Zan tsallake gada, mararraba ta farko hagu, ta biyu dama." Abin da baki ya furta ya fi zama a kai.

Lura kuma da cewa bakin turba ɗaya yakan haifi turbobi 3 ko 4. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya bi mafi faɗi don ya ga jama'a sun nufe ta, ashe ita ce doguwar. Nemo allon da ke ɗauke da sunan taka.

In babu allo ko taswira sam, tambayi waɗanda ke fitowa, matambayi ba ya ɓata. Tambayar da ta fi amfani ita ce "minti nawa ta ɗauke ku?" da "akwai inda hanya ke rikicewa?" In ba kowa kuma, mai da tafiyar ta je-ka-dawo: ka yi minti 20 ko 30 a turba mafi fitowa fili, ka juyo ta inda ka bi. Zagaye sai wani zuwan.

Duba agogo, ka yanke lokacin juyawa tun yanzu. Ƙa'idata ita ce in kasance a mota awa 1 kafin rana ta faɗi. A cikin kurmi duhu yana riga fili shigowa.

3. Koyi karanta alamomin hanya

Alamar turba takan zama ɗan fenti a jikin itace ko dutse, ko ƙaramin faranti da aka kafa, ko turke mai kibiya. Kowace ƙasa da tsarinta. A turbar Appalachian ta Amurka farin fenti ne mai kusurwa huɗu, rassanta kuma shuɗi. A manyan turbobin Faransa layi biyu ne, fari da ja, in kuwa ka ga an gicciya su to ana ce maka nan ba hanya ba ce. A wurare da dama fenti biyu, ɗaya bisa ɗaya, na nufin akwai kwana ko mararraba a gaba. In na saman ya gusa dama, dama za ka yi. Inda babu itatuwa akan tara duwatsu su zama alama. Kada ka rushe su, kada kuma ka tara naka, za ka ɓatar da na bayanka.

Tun a minti 5 na farko ka lura da tazarar da ke tsakanin alama da alama. In ka saba ganinsu duk bayan minti 2, sai ga shi ka yi 10 ba ka ga ko ɗaya ba, tsaya ka koma ta ƙarshe da ka gani.

4. Fara a hankali

Minti 10 na farko ka tafi a takun da za ka iya hira ba tare da haki ba. In kuna da yawa, mafi rauni shi ke gaba, kuma ba a rabuwa. Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi-zafi, zauna nan take ka manna filasta. Minti 2 ne aikin, in ka ƙyale shi kuwa da ɗingishi za ka fita. Riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, kada ka jira ƙishirwa ta kama ka. A inda turba ta matse, mai gangarowa ke ba mai hawa hanya.

5. Duk mararraba, waiwaya

In abu ɗaya za ka riƙe cikin bayanin nan, to wannan ne. Daji yana da fuska biyu, wadda kake gani a zuwa da wadda za ka gani a dawowa, kuma ba sa kama da juna.

Na taɓa bin wata turba mai kilomita 3 kacal a cikin kurmi. A zuwa na wuce wata mararraba ban ma san mararraba ba ce, domin ɗaya hanyar ta haɗo ne a karkace ta bayan kafaɗata, idona bai kai kanta ba. Da na juyo sai ga hanya biyu a gabana, faɗinsu ɗaya, ganyen da ya rufe su iri ɗaya. Na bi ta dama. Na yi kusan minti 25 kafin na tarar da wani faɗaɗɗen itace kwance a kan hanya, na san ban tsallake shi ba a zuwa. Na koma, na fito lafiya, amma duhu ya fara, kuma hankalin mutanen gida ya tashi. Tun ranar, duk bayan ɗan lokaci nakan juya in kalli bayana, ko da ban ga mararraba ba.

Ga yadda ake yi. Ka iso mararraba, ka tsaya. Ka duba hoton taswira. Ka shiga hanyar da ka zaɓa taku 10, ka juyo ka kalli inda ka fito, ka nemi abu guda da ba zai ɓace maka ba: kututture mai rami, dutse mai tsagu, itace mai rassa biyu. Ɗauki hotonsa. Sannan ka nemi alamar turbarka ta farko a gaba kafin ka saki jiki. In kuna tare da wasu, ba mai wuce mararraba sai kowa ya iso.

Ka yi hattara da 'yan hanyoyin da ƙafar dabbobi ko ta masu yanke suka fitar. Sukan fara sarai kamar turba, sai su riƙa sirancewa, rassa su fara dukan fuskarka, ƙarshe su narke cikin ciyawa. Da ka ga kana sunkuyawa kana ture reshe, ka bar turba. Kuma kada ka yanke kwana a jikin tudu don rage nisa. Lanƙwasar da aka yi da gangan ce, yanke ta na buɗe wa ruwan sama hanyar zaizaye ƙasa.

6. Tsaya ka ga abin da ya kawo ka

Mutane da yawa suna gama turba ba su ga komai ba sai bayan takalmin na gabansu. Abin yana ba ni takaici, domin gajeriyar turba ai don kallo aka yi ta.

Nemi wuri a kusan rabin hanya, bakin rafi ko inda kurmi ya haɗu da fili, domin a irin wannan gaɓar tsuntsaye suka fi yawa. Duba inda za ka zauna, ka zauna, ka sa waya a aljihu, ka yi shiru minti 5 cur. Da farko ba za ka ji komai ba, shigowarka ta sa kowa ya yi tsit. Can sai wani ɗan tsuntsu ya gwada murya sau ɗaya. Wani ya amsa daga nesa. Sai ka ji ƙwas-ƙwas a cikin busasshen ganye, ƙadangare ne ko wani ƙaramin abu ya koma harkarsa. Kafin minti 5 su cika dajin ya manta da kai. Ban taɓa yin wannan zaman na tashi da nadama ba.

Sa rana a bayanka in kana son ganin launin tsuntsu, in tana gabanka baƙin inuwa kawai za ka gani. Duba taɓon bakin ruwa, nan sawun duk wanda ya zo sha da dare yake. Da sassafe, raɓa takan fito da saƙar gizo-gizo zare-zare a kan ciyawa, abin da da rana ba za ka san yana nan ba. Safiya da yamma su ne lokacin motsin dabbobi, ga baƙo kuwa safiya ta fi, don yini na gabansa.

Fure, gashin tsuntsu, dutse mai kyau, bar su inda ka gan su. Kada ka ci wani ɗan itace ko naman kaza (laimar kwaɗi) don ya yi kama da wanda ka sani.

7. Abubuwan da ke kawo matsala

Santsi ya fi kowace dabba raunata mutane. Jiƙaƙƙen saiwa, dutse mai gansakuka, da tsakuwa a gangare su ne masu kawo targaɗe. A gangare rage tsawon taku, ka ɗan lanƙwasa gwiwa. In za ka kalli sama ko waya, tsaya tukuna.

Maciji ba ya neman ka. Kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba. In itace ya faɗi a kan hanya, taka kansa ka leƙa ɗaya gefen kafin ka sauka. In ka ga maciji, ja da baya ka ba shi hanya. In tsautsayi ya sa ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Dabbar daji ba a ba ta abinci, ba a matsa mata don hoto. A gandun Yellowstone na Amurka doka ta ce a bar tazarar yadi 25, kusan mita 23, tsakanin mutum da yawancin dabbobi, da yadi 100 ga irin su kyarkeci. Ma'auni mai sauƙi: in dabba ta daina abin da take yi saboda kai, ka matso da yawa.

Hadari kuwa, in ka ga walƙiya fara ƙirga. Ƙarar tsawa na cin kilomita 1 a kusan daƙiƙa 3. In ta iso kafin ka ƙirga 30, tana kusa ƙwarai. Sauka daga kan tudu, ka nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai da bakin ruwa, ka nufi mota ko gini. Buɗaɗɗiyar rumfa ba mafaka ba ce. Jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Rafin da ka tsallake a zuwa yana iya cika bayan ruwan sama. In yana gudu kuma ya kai gwiwa, kada ka shiga.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da kasala a cikin zafi alama ce jiki ya gaza. Inuwa, ruwa, a jiƙa wuya da fuska, sannan a juya gida. In mutum ya fara ruɗewa ko sambatu, a kira taimako nan da nan.

In bayan gida ya matsa kuma babu ban ɗaki, nisanci ruwa da turba da mita 60, kusan taku 70, ka tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka rufe. Lura da inda turba take kafin ka ratse, a irin wannan ɗan ratsen ma ana ɓata.

8. Lokacin juyawa ya yi, juya

Ko saura ƙiris ka kai mafaɗar ruwan da ka zo gani. Tana nan wani makon. In agogo da waya sun mutu, miƙa hannunka gaba, ka jera yatsu a kwance tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ƙasa. Kowane yatsa kusan minti 15 ne, huɗu awa 1. Ƙiyasi ne kawai, amma yana taimakawa. A turba mai zagaye, in ba ka kai rabi ba kuma rabin lokacinka ya tafi, koma ta inda ka fito, domin ita ka sani.

9. In ka ga kamar ka ɓata

Tsaya cak. Abin da tsoro ke sa mutum shi ne ƙara sauri, saurin kuma shi ke mai da ɗan kuskure ya zama babba. Zauna, sha ruwa, buɗe taswira ka ga ɗigonka. Tuna alama ta ƙarshe da ka gani da minti nawa ke nan. In kana da tabbacin hanyar komawa gare ta, koma a hankali. In babu tabbaci, ko duhu ya kusa, ko ka ji rauni, zauna inda kake. Kada ka ratsa daji da zaton mota na "can wajen". Gwada kira, in sabis ya yi rauni tura rubutaccen saƙo, yakan fita inda kira ya kasa. Rage hasken waya don tattalin caji. Busa usur sau 3, ka saurara, ka maimaita. Murya takan dushe da wuri, usur ba ya dushewa, kuma ya fi ta kai wa nesa. In babu usur, buga sanda a jikin busasshen itace sau uku-uku.

10. Bayan ka fito

Kafin komai, sanar da wanda ka bar wa saƙo cewa ka fito, kuma ka rubuta fitarka a rajista in ka rubuta shiga. Kakkaɓe takalmi da ƙafar wando, don 'ya'yan ciyawa kada su bi ka zuwa wani daji. In ka ga alama ta faɗi ko itace ya tare hanya, gaya wa masu kula da wurin.

A gida ka yi wanka, ka duba jikinka saboda kaska: bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne, cikin gashi, haka su ma yara. Wasu ƙanana ne kamar ɗigon biro, kuma a wasu yankunan Amurka da Turai suna yaɗa cutar Lyme. In ka samu ta kama, sa matsefata ka riƙe ta dab da fata, ka ja ta sama a miƙe a hankali, ba murɗawa. Kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai. Wanke wurin da sabulu, in zazzaɓi ko jan tabo ya biyo baya cikin 'yan makonni ka ga likita, ka gaya masa ranar da ka shiga daji.

Sannan ka rubuta abu uku a waya ko ɗan littafi: minti nawa turbar ta ɗauke ka, ruwa nawa ka sha, da mararrabar da ta so rikita ka. Bayan fita 3 ko 4 za ka san takunka, kuma da shi za ka auna turba ta gaba tun kana tsaye gaban allonta.